Likkafanin Ladan a Bakin Taga

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Litinin ɗin da wata tsohuwa ta shigo ofishinmu a Ƙauran Namoda da ƙunshi a ka, ta dire shi a kan teburina ko gaisuwa babu. Damina ce, a shekarar da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara. Jihar kanta ba ta daɗe da samuwa ba, kowane ma'aikaci yana ji da kansa, malamai kuma sun matsa wa'azi a kan tsafta. Mu da a da ake yi wa kallon 'yan sa-ido, sai ga shi ana yi mana sannu da aiki a bakin masallaci.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, kuna zaune a ofis kuna latsa waya, bari in gaya muku yadda yake a zamaninmu. Duba-gari da kakinsa yake fita tun safe, ya bi gida-gida. Ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai, ya duba makwarara, ya je mahauta ya ga abin da aka yanka. Da an ce "ga duba-gari nan" sai ka ji ana kifar da ruwa a bayan katanga. A samanmu akwai Sarkin Tsafta, shi ne shugaban sashe, a lokacin wani dattijo ne mai suna Alhaji Garba. A ƙarƙashin kowannenmu kuma akwai leburori. An raba mana gari shiya-shiya, ni aka ba ni shiyar Marina, can bayan kasuwar hatsi, wuri ne mai kwari.

Babban aikinmu shi ne Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari. Tun safe ba mota, ba mashin, ba buɗe shago sai hantsi ya yi. Kowa ya share ƙofarsa, a yashe kwata, a tara sharar a wuri ɗaya. Abin da ake tarawa kuwa ba a magana: ƙaiƙayin hatsi daga kasuwa, leda, tsumma, fasassun robobi, tsofaffin silifa, kashin awaki. Motar kwasar shara ɗaya ce, rabin shekara a wurin makanikai take kwana. Saboda haka sai a cinna wa tulin wuta a inda yake.

To, ga wata al'ada tamu da babu wanda ya taɓa rubuta ta a takarda. Alhaji Garba ba zai iya zaga duk shiyoyi kafin hantsi ba, sai ya hau wani tudu da mashin ɗinsa ya tsaya yana kallon gari. Shiyar da hayaƙinta ya tashi, duba-garinta ya yi aiki. Wadda ba a ga nata ba, ranar Litinin mai ita zai tarar da kwiri, wato takardar tuhuma, yana jiran sa. Da haka hayaƙi ya zama shaidar aiki a wurinmu. Da damina shara a jiƙe take, ba ta kamawa, sai muka samo dabara. Tun ranar Juma'a za mu bi masu faci mu karɓi tsofaffin tayoyi, mu bi makanikai mu karɓi baƙin mai. A cusa taya a ƙarƙashin tuli, a kwarara mai, a ƙyasta ashana. Nan da nan sai ka ga baƙin hayaƙi ya murtuke, ko daga ina ana hango shi.

A wannan fanni ba a kai ni ba, kuma ina alfahari da haka. Abokan aikina Jirgin Gawayi suke ce mini, don sun ce tun da aka daina jirgi mai gawayi ba a ga hayaƙi irin nawa a Ƙaura ba. In aka kira ni da sunan har wani daɗi nake ji. Tulina mafi girma yana wani fili ne a bayan masallacin shiya, daura da gidan ladan.

Ladanin nan Malam Isa sunansa, amma kowa Baba Ladan yake ce masa. Tun ban san kaina ba shi ke kiran salla a masallacin. In an ɗauke wuta ba ruwansa da lasifika, sai ya hau matakalar ƙasa ya toshe kunne ya ja, a ji shi har bakin kasuwa. Yana da ciwon fuka tun da daɗewa, amma bai taɓa kwantar da shi ba sai a daminar nan. Sau uku ana kwasar sa ranga-ranga zuwa asibiti. Kowa ya ce sanyin damina ne da tsufa, ni ma haka na ce. Har dubiya na je masa, da warin taya a jikin kakina, na ce masa ya riƙa sa rigar sanyi.

Tsohuwar da ta shigo ofishina matarsa ce, Inna Ige. A ƙafa ta zo tun daga shiyar Marina, don a lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. Na miƙe na ce, "Inna, sannu da zuwa. Ya jikin Baba?"

Ta ce, "Lawali, kai ad duba-gari ko? To ga abin dubawa na kawo ma. Kwance."

Na kwance ƙunshin. Farin alawayyo ne falle uku, da ɗan damshi a jikinsu. Na farko in ba a gaya maka ba ba za ka ce ya taɓa zama fari ba, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, yana maiƙo a hannu. Na biyu ruwan toka. Na uku kuwa fari ne tas a idona.

Na ce, "Inna, tsumman mi na wanga?"

Ta ce, "Tsumma? Likkahwanin Malam na."

Na saki ƙyallen ban san na sake shi ba. Kun san yadda dattawanmu suke yi, mutum ya sayi likkafaninsa tun yana da ƙarfi, ya ninke ya sa a ƙasan adaka, ba mai taɓa shi sai ranar da aka buƙace shi. Wannan shi ne ta ɗauko.

Ta ja kujera ta zauna, ta fara lissafo mini da yatsa. "Ran Juma'a lahiya lau shike. Ya ci tuwo, ya kira salla biyar. Asabar kun kunna wutarku. Kahin azahar ƙirji ya ɗaure. Watan jiya haka, wancan watan haka. Ni ban yi boko ba, ɗan nan, amma na san kwanan wata." Ta ce tagarsa da filin namu suna kallon juna, shi ya sa a wannan Asabar ɗin ta jiƙa ƙyalle ta rataya, falle bayan falle, ko zai tare masa. Duk gidan ba wani ƙyalle mai faɗi da kauri sai wannan. Duk da haka kafin la'asar sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Ina da saurin zuciya a lokacin, kuma na ji an taɓa mini aiki. Na ce mata hayaƙi sama yake zuwa, kuma shi ke kashe ƙwayoyin cuta, shi ke korar sauro, mu abin da muka karanta ke nan.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sama shika zuwa? To wa ya sakko da shi bisa wanga?"

Na naɗe ƙunshin na ɗaure a bayan kekena na nufi asibiti. Gaskiyar magana, na tafi ne don in samo wanda zai ce tsohuwa ba ta san abin da take faɗi ba.

Wadda na tarar ita ce Sista Rabi, babbar malamar jinya ta ɗakin maza, mace ce da ba ta ɓoye wa kowa magana. Kafin in kai wurinta sai da na ratsa baranda, benci-benci cike da mutane. Ga masu tari, ga masu jajayen idanu suna hawaye, ga jarirai ana jijjiga su haƙarƙarinsu yana shiga yana fita. Na gane fuskoki da yawa, 'yan shiyata ne. Na yi mata bayani, na buɗe ƙunshin. Ta duba ƙyallen, sannan ta ce, "Malam Lawali, ni na ɗauka kun sani. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ba na ba kowa hutu a ɗakin nan. Daga yammacin ranar har zuwa Litinin haka muke fama."

Na nuna mata falle na uku na ce, "To amma ai ga wannan fari fat. Ke nan ba abin da ya shiga ɗakin."

Ba ta yi musu da ni ba. Ta ɗauko farin kwano ta zuba ruwa mai kyau, ta tsoma fallen nan ta cuɗa, ta matse. Ina tsaye ruwan ya juya, ya koma kalar toka, wani abu siriri yana yawo a samansa. Ta ce, "Wannan wanda ƙyalle ya iya kamawa ke nan. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, ba ƙyallen da zai tare shi, gashin hanci ma ba ya tare shi. Shi ke wucewa har can ƙarshen huhu."

Ta ce ba sai an shekara ana shaƙa ba. Cikin 'yan sa'o'i hanyoyin iska suke kumbura su tsuke, majina ta taru. Mai lafiya zai yi tari da ciwon kai, ido ya yi ja, kwana biyu ya warware. Mai fuka kuwa ƙirjinsa rufewa yake yi. Tsoho mai raunin zuciya, zuciyar ce za ta yi ta dakan neman iska har ta gaji. Jariri shi ma haka, don numfashinsa ya fi namu sauri. Ta ƙara da cewa safiyar da aka kwana ana ruwa, iska ba ta motsi, hayaƙi ba ya tafiya ko'ina, kwantawa yake yi a kwari ya bi lungu-lungu. Na tuna yadda nakan tsaya ina kallon kan hayaƙina a sama, ban taɓa duba gindinsa ba.

Daga nan ta ja ni zuwa gadon Baba Ladan. Yana zaune an tokare shi da matasai, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Inna Ige har ta iso, tana yi masa fifita. Sista Rabi ta cire abin sauraron ƙirji daga wuyanta ta maƙala mini a kunne, ta ɗora bakinsa a bayan tsohon, ta ce, "Saurara."

Jama'a, ban taɓa sanin haka cikin mutum yake ba. Na ji kamar an tara masu busa sarewa a cikin rijiya, kowa da tasa, wata siririya, wata mai kauri, can ƙarƙashinsu kuma zuciya tana bugawa da sauri ba ta fasa ba. Iska tana neman hanya ta wata 'yar kafa, tana samu da ƙyar, ta koma ta sake nema. Sai Sista Rabi ta ɗauke abin sauraron ta ɗora a nawa ƙirjin. Shiru, sai wani sassauƙan huci mai shiga da fita, abin da nake yi tun ranar da aka haife ni ban taɓa gode masa ba. Na ce a raina, ashe duk kiran sallar da ake ji har bakin kasuwa ta waɗannan 'yan hanyoyi yake fitowa, kuma abin da ido ba ya gani ya isa ya rufe su tsakanin hantsi da la'asar. Na ji tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a wurin wa'azi ba.

Baba Ladan ya ɗago ido ya gane ni. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa. "Lawali... wa... yak kira... azahar?"

Na ce masa liman ya sa wani. Ya gyaɗa kai ya rufe ido. A bakin ƙofa Sista Rabi ta rage murya ta ce mini, "Wannan karon da ƙyar muka shawo kansa. In aka sake irin wannan, ban ce zai fita da ƙafarsa ba."

Mako huɗu ya rage kafin wata Asabar ɗin. Na sami Alhaji Garba na kwashe duka na gaya masa. Ba mugun mutum ba ne, amma aiki ya tsufa a hannunsa a kan hanya ɗaya. Ya ce, "To ka bar ta ta ruɓe ƙohwar mutane, amai da gudawa su shigo? Ina motar da za ka kwashe ta? Lawali, ni hayaƙi nika gani. In ban gane shi ba, ka san sauran."

Ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren, shara ba ta zama. Na yi kwana biyu ina juya abin. Sai na tuna masu amalanken shanu da ke jigilar buhuna a kasuwar hatsi. Ranar tsafta ba su da aiki sai hantsi ya yi, shanunsu a ɗaure suke wuni suna tuƙa. A hanyar Zurmi kuma akwai wani ƙaton rami da aka bari bayan an ɗebi jar ƙasa, nesa da gidaje, inda za a iya zubar da sharar. Na je wurin liman, bayan sallar isha'i ya yi wa jama'a bayani. Da masu amalanke suka ji don Baba Ladan ne, ba wanda ya ja da baya. Wani a cikinsu ya ce tun yana goye yake jin muryar nan. Manoma kuma suka ce in an tsince leda da roba, sauran a bar musu ya ruɓe, da bazara za su kwashe su kai gona. Leburorina ne kawai suka yi ta ƙunƙuni, don lodin jiƙaƙƙiyar shara da shebur ba ɗaya yake da ƙyasta ashana ba.

Ranar ta zo, an kwana ana yayyafi. Muka fara tun da sassafe, amalanke na tafiya na dawowa. Ni kaina na tuɓe rigar kaki na kama shebur. Da hantsi ya yi na ɗaga kai, sai na ga kowace shiya ta tayar da nata baƙin, tamu ce kaɗai samanta fayau. Allah Ya taimake mu iskar da ke ɗan kaɗawa daga wajenmu take shiga gari, nasu hayaƙin gaba yake yi. Sai a lokacin na gane cewa duk watannin nan nawa hayaƙin ba shiyata kaɗai yake ci ba.

Rana ta take tsaka muna kan lodi na ƙarshe sai ga ƙarar mashin ɗin Alhaji Garba. Bai ma jira Litinin ba, kwirin yana aljihun gabansa, ina hango farin takardar. Ya kafe mashin ya zaga filin. Ba shara, ba toka. Ya leƙa kwata, a yashe take. Ya dawo ya tsaya a gabana ya ce, "Na ga an share. To in an tambaye ni, mi zan ce na gani daga bisa tudu? Ina shaidarka?"

Sai muka ji gyaran murya a samanmu.

An ɗauke wutar lantarki a ranar. Baba Ladan ne a kan matakalar ƙasa, ya hau da kansa, ba mai riƙe da shi. Mako biyu ke nan da sallamo shi, ya rame, rigarsa tana yi masa yawa. Ya fuskanci alƙibla, ya sa yatsu a kunne, ya ja numfashi. Ni da na san abin da ke cikin ƙirjin nan, nawa numfashin tsayawa ya yi. Ya ɗaga kabbara ya ja ta, ya ja ta, ina jiran inda za ta yanke, ba ta yanke ba sai da ta kai inda ya saba kai ta. Leburori suka tsaya da shebur a hannu. Na hango Inna Ige a bakin zaure ta rufe baki da gefen mayafi. Tun farkon damina ba a ji muryarsa da azahar ɗin ranar tsafta ba. Hawaye suka zubo mini a gaban shugabana, ban ji kunya ba.

Da aka gama, Alhaji Garba ya sa hannu a aljihun gabansa. Ya zaro takardar ya ninke ta huɗu, ya tura ta can aljihun wando. Ya ce, "Samo muna buta."

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar aka daina ƙona shara a Ƙaura ba. Har gobe ana yi, ga kuma hayaƙin janareto da na mashina ya ƙaru a kai. Amma Alhaji Garba ya daina hawa tudu, ya koma zagawa, tayoyi kuma suka fita daga aikinmu. Sunan Jirgin Gawayi ya bi ni har na yi ritaya, sai dai daɗinsa ya fita.

Abin da na ɗauka daga nan shi nake gaya wa duk wanda aka turo mini in koya masa aiki. An horar da mu mu dubi ƙasa, randa da masai da kwata, muna ganin in ƙasa ta yi fes aiki ya ƙare. To abin da ka kawar daga ƙasa, ka bi sawunsa ka ga inda ya tafi. In ka gama aiki a unguwa, koma bayan kwana ɗaya ka tambayi wa ya kwana yana tari. Kuma kada ka raina tsohuwar da ke jinyar mutum, ta riga ka sanin abin da littafinka bai kai gare shi ba.

Na so in saya wa Baba Ladan sabon likkafani, ya hana. Ya ce, "Bar shi, Lawali. Wanga ya riga ya tsaya mani sau ɗaya, mun saba." Inna Ige ta wanke shi sau uku da sabulu, falle biyu suka koma fari, na farkon ya ƙi.

Ya ƙara shekaru masu dama yana kiran salla, sannan Allah Ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar jinya, ba ta fuka ba. Ina cikin waɗanda suka yi masa sutura. Da aka buɗe adaka aka warware ƙyallen, wani ya ce wannan fallen ai ya yi duhu, a canza shi. Inna Ige ta aiko daga cikin gida cewa Malam ya ce da shi za a sa shi. Ni na ɗaure wajen ƙafafu, kuma duk ɗakin ni kaɗai na san hannun da ya rina shi.